Hoton Garken Alhaji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanka da aiki.

Ni mai yi ma dabbobi allura ne a Filinge, aikin kaina nake yi, inda anka kira ni can nake zuwa. Da sabon dandalin zumuntan nan na waya ya fito, abokai sunka ce in riƙa sa hotunan aikina don makiyaya su san ni. Na sa, kuma kira ya ƙaru.

Makon jiya na yi ma garken wani Alhaji allura wajen Sanam, na sa hoton. Washegari wani baƙo ya kira ni. Bai yi zancen allura ba, sai ya ce, "Jajayen shanun nan, a wace rijiya suke shan ruwa? Mutum nawa ke kiwonsu?"

Malam, nan take na yi zargin ɓarawon shanu ne. Na goge hoton, na sanar da Alhaji. Ya ce, "Ɗana, ka tona mini asiri." A ranar ya tada garken daga wurin.

Har yanzu lambar nan kira take, ba na ɗauka. Jama'a, ku ba ni shawara: yaya zan nuna aikina ba tare da na nuna ma ɓarayi hanya ba?