Kaset ɗin Larabci da Ya Kunyata Ni a Walima

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni ce Maman Zainabu daga Rikoto, Zuru. Ina so iyaye mata su ji abin da ya same ni.

A gidana ba a jin waƙar banza. Duk kaset ɗin fim da na kama, a turmi nake daka shi. Bara ƙanen mijina ya dawo daga Libiya da wani kaset na Larabci. Ɗiyata Zainabu ta ce, "Inna, ƙasidar yabon Annabi ce." Da na ji Larabci sai na yarda. Kullum da safe ni nake kunna shi, har ina cewa amin.

Ranar walimar saukar Zainabu na sa aka saka shi a lasifika, gaban matan Islamiyyarmu da nake yi wa nasiha. Malamin su Zainabu, wanda ya yi karatu a Masar, ya miƙe ya kashe. Ya ce, "Hajiya, wannan waƙar gidan rawa ce ta Aljeriya. Giya da budurwa mawaƙin yake kira."

Ashe Zainabu ta sani tun farko. Da na tsare ta, cewa ta yi, "Inna, ai ke ma kina gyaɗa kai."

Na daka kaset ɗin. Yau wata biyu ban taka Islamiyya ba, kuma jiya ina wanke-wanke na ji bakina yana rera waƙar. Malam, a ba ni shawara: da wane ido zan koma in yi wa mata nasiha?