Kujerar Mamadu Mai Ƙafa Uku

Salamu alaikum. Maigari, ranka ya daɗe. Liman da malamai, Allah ya gafarta muku. Sarkin kasuwa da dillalan Gure, sannunku da zuwa. Kellu uwargida, yaya ƙarin haƙuri? Usmanu da ƙanwarka Yabawa, Allah ya ba ku dangana.

Yau arba'in ɗin Mamadu. An ce ni Yakubu in yi magana, don ba wanda ya sha kashi a hannunsa wajen gwanjo kamar ni. Jiya kuma Yabawa ta same ni tana kuka, wai in tambaya a gaban jama'a ina kujerar ubanta ta shiga, don ita ya yi wa alkawarinta. To, za ta ji.

Mamadu ya kasance mai ido. Mu muna tonon tsummoki a kasuwar Gidigir, shi daga nesa ya riga ya hango abin kirki. Ya kasance mai taurin kai a ciniki: ya taya, a ce albarka, ya je ya yi azahar, ya dawo ya rage. Ya kasance garkuwarmu, ba a sayar wa tsohuwa fasasshiyar tasa in yana kasuwa.

Kun tuna shekarar da lokotoron Nasara, likitan nan, ya tashi daga Damagaram aka yi gwanjon kayansa. Muna kokawa kan agogo da fitila, Mamadu ya ɗauko 'yar kujera mai ƙafa uku, farin ice, ko zane babu. Muka yi ta masa dariya. Sai ya kife ta ya nuna mana: ba sassaƙa ƙafafun aka yi ba, lanƙwasa icen aka yi, kuma bai tsage ba. Kukun lokotoron ya ce daga wata ƙasar sanyi take, wai Finlan. Mamadu ya ce, "Wanda ya yi wannan bai bar abin cirewa ba, bai bar abin ƙarawa ba." Tun ranar nake binsa da tayi, yana ce mini albarka.

Usmanu, ɗago kanka. Ko sadakar bakwai ba a yi ba na gan ka a Gidigir, kujerar a gabanka cikin tsofaffin kwanuka. Sayarwar ba ita ta dame ni ba. Na yi maka tayin wulakanci ne, irin na tsohuwar ƙwarya, ina jira ka ce albarka, sai ka ce ka sallama. Tayin farko, ɗan Mamadu! Wallahi kunya ta kama ni saboda ubanka, har na kusa ƙara maka. Ban ƙara ba, don shi ma da bai ƙara ba.

Yabawa 'yata, kin ji inda take, tana ɗakina. Na ga kina kallon bakina ko zan ce zo ki ɗauka. Ba zan ce ba. Ciniki ya faɗa a gaban shaidu, kuma na tsufa ina jiranta. In kewa ta dame ki, zo ki gan ta, ba na hana kallo.

Mun gode wa kowa, na kusa da na nesa. Allah ya jiƙan Mamadu, ya haskaka makwancinsa, ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Liman, a yi mana fatiha.