San Huɗa Ya Tafi a Waya

Ana ta cewa Shari'a ta kashe caca a Zamfara. Ban gaskata ba, sai na kasa kunne a tashar Kaura, inda wani dattijon manomi ke tambayar wani malami mai farar riga.

"Malam, ni bulala aka yi mini kan karta. Yanzu ɗana ya sai da san huɗarmu, ya zuba a cacar ƙwallo ta waya. Ina zan kai ƙara?"

"Baba, kamfanonin cacar waya izininsu daga Abuja yake. Waya za ka kai gaban alƙali?"

"To da mi zan yi huɗa bana?"

"Sai haƙuri. Wasan Lahadi ne ko? Ai wannan duk ya kwashe mu."

Dattijon ya dube shi. "Ku?"

Gidajen caca a rufe suke. Caca kuwa ana yi.