Tsakuwar da na ɗebo wa ɗalibaina

Assalamu alaikum mai gabatarwa, da dukkan masu saurare. Ni ne Malam Isa, mai koyar da yara kimiyya a Greensboro, Amurka.

A hutun bana na ziyarci ƙanena Bala a wani ƙauye can cikin dajin ƙasar Gini, inda yake sayar wa masu haƙar lu'u-lu'u shinkafa. Garin duk ramuka ne, kowanne da tulin tsakuwa a bakinsa. Tsakuwar ta ba ni sha'awa, sai na ɗebi kaɗan na zuba a aljihu don in nuna wa ɗalibaina. Ashe tsakuwar da ba a wanke ba ita ce dukiyar mai rami, don a cikinta ake samun lu'u-lu'u, wanda ya taɓa ta ɓarawo ne. Nan take aka kewaye ni da shebur a hannu.

Bala ya ruga ya kira Alhaji Mamadu, dattijon da ke sasanta su. Alhaji ya ce, "A wanke a gaban kowa. In da lu'u-lu'u, hukunci naku ne. In babu, baƙo ne, ku ƙyale shi."

Suna jujjuya rariya a ruwa, ni kuwa ina roƙon Allah kada a ga komai. Alhamdu lillahi, babu ko ƙwaya. Mai ramin ya yi dariya ya ce, "Malam, kai kaɗai ka taɓa murnar rashin sa'a a garin nan." Ya ƙulla mini tsakuwar a tsumma.

Tana nan a aji, yara suna wasa da ita. Ina gaishe da Bala da Alhaji Mamadu. Matafiya kuma, ku tambaya kafin ku taɓa.