Ruwan Cikin Gilashin Waya

A tashar Gaya da azahar, wani dattijo ya miƙa wayarsa ga matar da ke gefensa a kan benci.

"'Yata, duba min wannan. Gilashin ya yi duhu."

"A rana ka bar ta, Baba? Akwai wani ruwa a cikin gilashin, in ya sha zafi sai ya rikice, rubutu ya ɓace."

"Ruwa kuma? Ni ko alwala ba na yi da ita a aljihu."

"Ba irin wannan ba. Da shi aka ƙera ta."

"To su da suka zuba mata ruwa, don me suke cewa kada ta jiƙe?"

"Ni ma nan ne ban gane ba. Bari dai ta huce."

Ta sa wayar ƙarƙashin mayafinta. Can ta ciro ta.

"Yauwa, ta dawo. Ga saƙo ma ya shigo."

"Ina?"

"Ga shi ɓaro-ɓaro, Baba."

"Ni dai dishi-dishi nake gani. Ko ruwan bai gama hucewa ba?"

Matar ta ƙura wa idanunsa ido.

"Kai ma Ajingi za ka?"

"Ai ni zan ja motar. Ta kusa cika."

Ta juya ta dubi motar, inda tuni 'ya'yanta suka zauna a gaba.