Katangar Bakin Rafi Ta Juyo Ruwa Kan Maƙabartarmu

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon malamin gona ne daga wani ƙauye a ƙasar Baure.

Bara waccan aka ce za a gina katangar siminti a bakin rafinmu don kare sabuwar kasuwa. Aka turo wasu samari su duba ko aikin zai cutar da fadama. Da tsakar rani suka zo, rafin ba komai sai yashi. Na ce musu, "'Ya'yana, ku dawo da damina ku ga hanyar ruwan. Fadamar nan ita ke shanye ambaliya." Babbansu ya yi dariya ya ce, "Baba, karatunku ya tsufa, yanzu na'ura ke awo." Suka ɗauki hoton yashi suka tafi.

Aka gina katanga, ta raba rafi da fadama. Da ruwa ya rasa wurin kwanciya, sai ya koma yana cin ɗaya gaɓar, inda maƙabartarmu take. Da hannuna na tsinci ƙasusuwan mutanenmu cikin laka. Kabarin matata Hauwa, taku huɗu ya rage ruwa ya kai gare shi. Sau uku ina rubuta wa hukuma takarda, ba amsa.

Na daina roƙon hukuma. Malamai nake tambaya: ya halatta in tone ta in mayar da ita kan tudu? Don Allah a amsa mini da wuri, hadari ya fara haɗowa daga gabas.