Gainako Ba Ya Kwana a Daji

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma jagoran Ƙawancen Dutsen Kona, Malam Usaini. Kwamandan yaƙinmu, ƙanina Suhail. Dattawan ƙawance da muka faro tafiya tare. 'Yan uwa Musulmi da Kirista, na Kona da na Majidaɗi da na Turaki. Baƙinmu da suka taso tun daga Zing da Mutum Biyu. Da kuma iyayen 'ya'yanmu da suka biyo mu yau don su ga idon mutanen da ke cinye musu datar gida: assalamu alaikum wa rahmatullah, barkanku da yamma.

Sunana Abdulmuttalib, tela ne ni a Turaki, ko da yake yawancinku da Almakashi kuka san ni a taswirar wasa. Ina gode wa Allah da ya tara mu ido da ido, mu da muka saba haɗuwa ta fuskar waya. Ina gode wa shugaba da ya ba ni dama. Ina gode wa ɗan uwana Joseph da ya kawo janareta, domin ya san halinmu: a hana mu shinkafa za mu haƙura, amma a hana mu caji taro ya watse.

Ranka ya daɗe, akwai ƙuduri a gabanmu. Kowa ya san kujerun ƙawance ƙidayayyu ne, wasan ba ya bari a ƙara ko ɗaya. Kowa ya san yaƙin fadar tsakiya ya matso, kuma akwai wani baƙo mai ƙarfi da ke neman shigowa cikinmu. Suhail ya kawo shawara a cire duk garin ɗan wasan da ba ya fita yaƙi, a ba baƙon kujerarsa. Da aka duba, gari ɗaya tak abin ya shafa, shi ne garin marigayi Manga. Na nemi in yi magana kafin a ɗaga hannu, kuma maganata kashi huɗu ce.

Na farko, ina so mu tuna daga inda muka fito. A shekarar kullen korona aka haifi wannan ƙawance, lokacin da aka rufe kasuwa, na lulluɓe kekena na ɗinki da tsohon zane, yini ya yi mana tsawo har muka rasa inda za mu sa shi. A ƙarƙashin mangwaron bayan shagon Joseph muke zama, don nan ne kaɗai sabis ke tsayawa. Can wani ya nuna mana wasan: duniya ta rushe, 'yan tsirarun da suka tsira suna kafa gari, suna neman hatsi da itace da ƙarfe, maƙwabta kuma suna jiran su yi sake. Muka ce ai wannan labarinmu ne. Ba mu iya komai ba a lokacin. Ana ƙona mu da safe, mu gyara da rana, a sake ƙona mu da la'asar, mu kuwa sai dariya. Ban taɓa shan kaye mai daɗi irin na wancan zamani ba, kuma wallahi ina kewarsa.

A cikinmu akwai Manga, direban keke daga Majidaɗi, dogo, mai ƙaramar waya da fuskarta ta tsage. Bafulatani ne da aka haifa a ruga, amma cuta ta shiga garken mahaifinsa tun yana ƙarami, shanu suka ƙare, suka dawo gari da zama.

Na biyu, ina so in yi magana kan jarumin tara kaya, saboda samarin da suka shigo daga baya. Wasan nan yana ba mutum jarumai iri biyu. Akwai na yaƙi, masu sulke da walƙiya, waɗanda kowa ke zuba wa duk abin da ya samu. Akwai kuma wani bawan Allah mai malafa da amalanke, ba shi da kwarjini, aikinsa ya fita da ayari ya ɗebo kaya ya dawo. Sunan da waɗanda suka ƙirƙiri wasan suka ba shi ya gagari harshenmu, sai Manga ya raɗa masa Gainako, wato makiyayi, kuma har yau da wannan suna muke kiransa duk ƙawance.

Wurin Manga muka ga yadda ake riƙe shi. Ba a sa shi gadin ganuwa, don ba aikinsa ba ne, kuma ranar da aka raunata shi ayari ya tsaya. Ba a ɓata masa horo kan sara da suka, sai kan saurin ɗiba da nauyin kaya. Ana haɗa shi da sojojin da suka fi ɗaukar kaya, ba waɗanda suka fi iya faɗa ba. Ana tura shi cikin ƙasar ƙawance, inda ɗiba ta fi sauri kuma tutarmu ke kare shi. Sannan kafin a tura shi, a duba ko wani ɗan uwa ya riga ya nufi wurin, kada a yi masa shigar gaba. Waɗanda suka ga ranar da aka karya mu a mashigar arewa za su tuna asibitocinmu cike da sojoji, ba hatsin jinya a rumbun kowa. Amalanken Manga ne suka yi ta zarya gari gari har muka miƙe.

Amma Manga yana da wani hali da ya hana garinsa girma, kuma mun yi masa tsiya a kai har muka gaji. Ƙa'ida ita ce a bar Gainako sai kaya sun cika, ya dawo da kansa. Masu wayo ma da yamma suke tura shi wuri mai yawan kaya, su wayi gari rumbu ya cika. Manga kuwa, da an fara haramar magariba sai ya danna kira. Ko rabin kaya ne, ko kwata, sai ka ga layin ayarinsa ya juyo gida. Wata rana na ce masa, “Manga, kai fa asara kake yi. Wannan hoto ne, ba kura a cikin waya.”

Ya yi dariya ya ce, “Malam tela, kai ɗinki ka sani. Dabba ba ya kwana a daji. Ko ya ƙoshi ko bai ƙoshi ba, magariba ya yi, gida.”

Na ce, “To ai ba dabba ba ne, amalanke ne.”

Ya ce, “Je ka gaya ma Baaba haka.”

Ashe tun ranar da mahaifinsa, Bappa Saleh, ya leƙa wayar ya ga mutum da malafa yana fita da ayari, ya ɗauki abin da muhimmanci. Kullum Manga ya ajiye keke ya shigo gida, kafin a tambaye shi cinikin yau, tsohon zai ce, “Gainako warti na?” Wato makiyayi ya dawo? In bai dawo ba, Manga zai zauna kusa da shi a tabarma, ya danna kira, su biyu su zuba ido har ayari ya shige ƙofar gari, sannan su tashi alwala. Manga ya ce mini tun da shanu suka ƙare bai ga mahaifinsa yana jiran wani abu da yamma ba sai wannan.

Na uku, abin da ya faru bayan rasuwarsa. Kun sani Manga ya kwanta jinya bayan ƙaramar salla, kuma Allah ya karɓi abinsa. Da yawanmu mun je jana'iza. Amma garinsa bai mutu ba. Kullum da safe Gainako na fita, ba a magana a zauren hirar wasan, ba a amsa kiran yaƙi. Sai ƙananan maganganu suka fara yawo, wai iyalinsa sun sayar da garin ga wani baƙo. Maganar ta yi mini zafi, kuma ina roƙon duk wanda ya ji ta ya bar ta a nan, don ba gaskiya ba ce.

Makon jiya na kai wa 'ya'yan marigayi kayan makaranta da na ɗinka musu. Matarsa, Aisatu, ta yi mini iso. Na tarar da Bappa Saleh a tabarma, ga wayar nan mai tsagaggiyar fuska a tafin hannunsa, yana riƙe da ita da hannu biyu kamar ƙwaryar nono. Aisatu ta ce ranar da za a tafi da Manga asibiti, ya miƙa wa tsohon wayar, ya kama yatsansa ya nuna masa wuri biyu, na turawa da na kira, ya ce, “Baaba, riƙe mini Gainako kafin in dawo.” Ita ke sa caji, ita ke sa data, ita da a da ba ta ƙi wayar ta faɗa rijiya ba. Shi kuma bayan sallar asuba ya tura, kafin magariba ya kira. Bai iya karatun boko ba, bai san akwai zauren hira ba, bai san ana wani yaƙi ba.

Na gaishe shi, na ce, “Bappa, ana kiwo?”

Ya dube ni ya ce, “Ɗana, na san hoto ne. Ni ba yaro ba. Amma safe na fita da shi, yamma na dawo da shi, sai yini ya samu kai ya samu ƙafa. Kuma mai shi ya ce in riƙe. Bai ce har yaushe ba.”

Jama'a, ni mutum ne mai surutu, kun shaida. Amma ranar nan fitowa kawai na yi ina share ido da hular kaina.

Na huɗu, shi ne roƙona. Ban zo in ce Suhail ya yi laifi ba. Aikin kwamanda ne ya ƙirga masu faɗa, kuma bai san abin da na faɗa yanzu ba, kamar yadda ni ma ban sani ba sai makon jiya. Amma ku da kuka san wasan, kun san abin da cirewa ke nufi. Ranar da aka cire gari, tutarmu ta sauka daga kansa. Ƙasar da Gainako ke kiwo ta daina zama tasa. Kun san bambancin layi a taswira: shuɗi na ɗan uwa ne mai kawo gudummawa, ja na mahari ne. Garin da ba tuta, ba ganuwar kirki, ga rumbu cike, ba zai yini ba sai jajayen layuka sun yi masa ca. Bappa Saleh zai tura da safe, ya zo kira da yamma, ya tarar da wuta a gari, ayari babu. Mutumin nan ya taɓa tsayawa a bakin ruga yana kallon garkensa na ƙarewa. Ya tsaya a bakin kabarin ɗansa. Shin mu ne za mu sa ya tsaya karo na uku, saboda fadar da in mun ci ta a wannan wata, wasu za su ƙwace a wata mai zuwa?

Ina so mu ci yaƙin nan, Allah ya sani. Ina so in ga tutar Dutsen Kona a tsakiyar taswira kafin idona ya gaji da ƙaramin rubutu. Don haka ban zo hannu wofi ba. Ranka ya daɗe, in dole sai an samu kujera, ga tawa. Garina yana da ganuwa, ina da garkuwa a ajiye, na san lokacin ɓuya da lokacin gudu. Ku ba baƙon kujerar Almakashi, ni zan kafa a gefen iyaka, in ana hira a mangwaron Joseph kuma ba mai hana ni zama. A bar wa tsohon nan wurin kiwonsa.

Rana ta yi ƙasa, na ga ladan ya nufi masallaci. Kafin a ɗaga hannu, ina roƙon alfarma ɗaya, kuma na san ba za ta yi muku wuya ba, tunda tun ɗazu rabinku a ƙarƙashin tebur idonku yake. Kowa ya fito da wayarsa. Ku buɗe taswira, ku gangara kudu da tutarmu, kusa da tafki. Kun ga garin Manga? To ku dubi gonar hatsin da ke yamma da shi.

Ga Gainako can. Ya juyo. Ku taɓa ayarin ku ga kayan, ko rabi bai kai ba. Yanzu haka akwai wani tsoho a Majidaɗi zaune a tabarma, yana kallon abin da kuke kallo, kuma ba zai tashi alwala ba sai ya ga an shige ƙofa.

Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ina ganin wani layi ya taso daga arewa ya nufi garin. Ku kwantar da hankalinku, shuɗi ne. Daga garin kwamanda ya fito, kuma da alama bai bar ko mai gadi a gida ba. Suhail, ƙanina, cewa na yi a duba waya, ban ce a tura sojoji gadi ba. Ɗago kanka, ba wanda zai yi maka dariya, duk idonmu iri ɗaya ne yanzu.

Hukunci na wannan zaure ne, ni na gama tawa. Allah ya jiƙan Manga, ya haskaka kabarinsa, ya raya abin da ya bari. Allah ya ba Aisatu ladan haƙurinta. Allah ya ƙara wa Bappa Saleh lafiya da hasken ido. Allah ya bar mu tare, a waya da wajen waya, ya zaunar da Jalingo da Taraba lafiya. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mai da kowa gidansa, kada ɗayanmu ya kwana a daji.

Na gode.